Ranar da Jimmau Ya Kira Gidanmu Ban Amsa Ba

Da can, duk wanda ya hau rufin benen da Jimmau yake haya a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira da hantsi, zai tarar da garaya kwance a kan buhu tana shan rana tsakanin akurkin tantabarun mai gidan da farantan dish, shi kuma yana tsugune a gefenta kamar mai jinyar jariri. Yanzu in ka hau, tantabarun suna nan, farantan ma sun ƙaru. Buhun kuwa, matarsa Inna Amuna ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin gado.

Yawancinku da gyaran fanka da rediyo kuka san shi, a ɗan shagon nan da ke ƙasan benen, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Masarawa kuma Am Guma suke ce masa, wato Baba Juma'a. Ni taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan hakkina ne, kada wani ya ce na ci naman mamaci. A Tungar Baushe aka haife mu, ƙauyen maharba, ya girme ni da damina uku. Ni aka kai ni boko, shi ya gaji garayar ubansa. Ya taso aikin hajji ta ƙasa, Sudan ta riƙe shi shekaru ta ba shi mata, daga nan ya gangaro Masar. Ni kuwa aikin tafinta ya yi yawo da ni, Tarabulus, Sofiya, Hambug, Santanbul, har ƙasar Mongoliya sai da na taka, kafin tsufa ya ajiye ni a Alƙahira ina yi wa marasa lafiyarmu fassara a asibitoci. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Tafinta! Mai harshe biyar, ba ko ɗaya nasa!" Gaisuwata ke nan kullum.

Shan ranar garayar nan ba wasa ba ne. Fatar gada ce a fuskarta, ta gida, kuma in ba ta ji rana ba sai muryarta ta kwanta. To daga nan rigimarsa da su Karim ta samo asali.

Karim mai kantin magani ne a unguwar, magidanci da 'ya'ya biyu, amma in ya rufe kanti sai ya saki gashi har kafaɗa ya ɗauki jita mai lantarki. Irin kiɗan da shi da abokansa suke yi Turawa suna ce masa metal, wato ƙarfe, kuma wallahi sunan ya dace, don in suka fara sai ka rantse maƙera ɗari ne suka yi faɗa a ɗaki ɗaya. Na san abin tun a Jamus. A can na ga ƙattai masu gemu sun haɗa shi da algaitarsu ta jakar fata. A Turkiyya na ji an cusa masa molonsu mai dogon wuya, a Mongoliya kuma gogensu mai kan doki, mawaƙin yana gurnani daga can cikin maƙogwaro. Kowace ƙasa samarinta sai sun koma sun tono kiɗan kakanninsu sun ɗaura masa lantarki. Ban taɓa zaton zan ga an yi wa garayar ƙauyenmu haka ba, balle a hannun taubashina.

Ina zaune a shagon ranar da Karim ya kawo akwatin ƙara sauti a duba masa. Da Jimmau ya gama, sai Karim ya jona wayarsa don gwaji. Subhanallahi! Fankokin da ke rataye sai da suka girgiza. Na toshe kunne. Jimmau kuwa ya karkata kai, ya lumshe ido, yana taka ƙafa. Can ya ce a kashe.

"Me suka kashe?"

Karim ya ce, "Na'am, ya Am Guma?"

"Na ce me suka kashe? Ɓauna ko giwa? Wannan kiɗan dawowa daga daji ne. Ba a yinsa sai da nama a ƙasa."

Karim ya yi dariya ya ce ba su kashe komai ba.

"Ayya. To shi mawaƙin, kai da kake sai da magani, ka taimaka masa mana. Wannan mura ta kama ƙirji."

Ya miƙa hannu ya sauko da garaya daga ƙusa, ya ce a maimaita. Ya bi kiɗan nan daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba, 'yan ƙarafan da ke kan wuyan garayar suna ta caccaka. Karim ya zauna a ƙasa, a kan ƙurar shagon, da farar rigarsa ta kanti. Daga ranar ba su rabu ba.

Ranar farko da suka kai shi ɗakin da suke gwaji, ni na raka shi, wai in yi fassara, alhali Larabcinsa na kasuwa ya fi nawa kaifi. Karim ya ɗauko wata 'yar na'ura mai fitila da suke saita tsirkiya da ita, ya maƙala a wuyan garayar. Fitila ta nuna ja.

"Ta ce me?"

"Ta ce ka ɗan sauka ƙasa, ya Am Guma. Ka ɗaure tsirkiyar kaɗan."

"Ita ta ce? Shekarunta nawa?"

"Bara na saye ta."

"To wannan garayar ta girmi ubanka. Yau rana ba ta yi zafi ba, nan muryarta ta tsaya. Ku ku sauko."

Suka ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, jita uku ne, kowace da tsirkiya shida, ga ta bes mai babbar murya, shi kuwa biyu ne kacal. Ya ce shi ya sa, mai 'ya'ya da yawa shi ke zuwa gaida dattijo. Ya cire na'urar ya miƙa wa Karim da yatsa biyu kamar ya kama kyankyaso. "Kunne ya girmi inji." Wannan magana kun sha jinta, har a kan fanka yana faɗinta. Shekara shida mutanen nan suna sake saita jitocinsu duk ranar gwaji, gwargwadon yadda rana ta tashi a Giza. In an yi hazo, sai Karim ya leƙa taga tun da safe ya ce wa matarsa yau akwai aiki.

Tsumulmularsa kuma, Allah Ya jiƙansa, sai a rubuta littafi. Ganyen shayi na 'yar jaka sau uku yake dafa shi, yana shanya shi a igiya tare da wanki. In ya ba ka na ukun sai ya ce, "Sha, wannan ba ya hana barci." Abin kaɗa garayar daga tsohon takalmin fata yake yanko shi. Karim ya je kasuwar Ataba takanas ya sayo masa na roba, kala-kala, cike da gwangwani. Ya karɓa da godiya, har da sa albarka. Bayan sati na je shagon, na ga duk ya tokare ƙafafun fankokin mutane da su don kada su yi rawa.

Sai dokar magariba. Ko ana tsakiyar waƙa, da ya ji an ɗaga kiran salla sai garaya ta shiga jakarta, kuma ba ta fitowa sai gobe. Masu irin wannan kiɗa kuwa a duk inda na je a duniya mutanen bayan isha'i ne. Karim ya roƙa, ya roƙa, ya kawo ni in sa baki.

Jimmau ya ce, "A garinmu ba a kaɗa ta in rana ta faɗi. Tana kiran na daji."

Karim ya buɗe taga ya nuna masa benaye sun tokare sama ta ko'ina, ko itace ɗaya babu. "Ya Am Guma, ina dajin? Duba fa!"

"Yawwa, ka faɗa da bakinka. An cinye musu daji. Yanzu in na kira su, ina kake so su sauka in ba gidanka ba?"

Khalas, magana ta ƙare. Ƙungiyarsu ta zama ita kaɗai a birnin nan da take wasa tsakanin la'asar da magariba. Samari su zo cikin baƙaƙen kaya da rana tsaka suna zufa, su yi ta kaɗa kai sama da ƙasa. Ya ce da ni, "Tafinta, dubi ƙadangarun Fir'auna." Amma yana son su. In ɗaya ya yi fashi sai ya tambaya ko lafiya.

Abin da bai taɓa ba su ba shi ne take. Ga waɗanda aka haifa a nan, bari in yi bayani. A wurin maharba kowane gida yana da takensa, wani ɗan kiɗa gajere da yake kamar sunan gidan. In makaɗi ya kaɗa taken gidanku a taro, ba ka da zaɓi, sai ka miƙe tsaye ka yi kirarin ubanka da ƙarfi, ko kai waye. Kuma ba a kaɗa shi sai mai shi ko jininsa yana wurin. Jimmau yana riƙe da taken kowane gida na Tungar Baushe a kansa. Ƙauyen kuwa, kun san abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin namu. Ba kowa a can yanzu. Mutanenmu sun watse, makaɗan sun mutu. Na sha zuwa da rakoda ina lallaɓa shi.

"Jimmau, ka bari in ɗauka. A Sofiya na ga ɗaki guda cike da muryoyin tsofaffin ƙauye, an adana."

"Su wa ke amsawa in an kunna?"

"Ba a amsawa, ana saurare ne."

"To ka ga, maƙabarta ka gani, ba ɗaki ba. Kashe abin nan ka sha shayi."

Na uku ne, tabbas.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Inna Amuna. Shekara uku da suka wuce aka gayyace su wasa a wata cibiyar al'adu a bakin Nilu, da yamma, kamar yadda dokarsa ta tilasta. Ya aiko mini takanas in zo. Na saka babbar riga. Mijin 'yata, wanda yake aiki a ofishin jakadanci, ya ce zai kai ni a mota, ya kuma taho da abokan aikinsa biyu da matansu don su ga abin mamaki. Aka ba mu kujeru a gefe, surukina yana dama da ni.

Suka yi waƙa huɗu, gini yana rawa. A ta biyar sai Jimmau ya ɗaga hannu. Jitoci suka yi tsit, mai ganga ya rage sai bugun ƙafa. Ya matso bakin dandamali, cikin 'yar sharar nan tasa mai launin ƙasa, ya dubi inda nake. Ya kaɗa.

Jama'a, shekara hamsin da wani abu rabona da jin wannan kiɗa, amma tun bugu na biyu tsigar jikina ta tashi. Taken Sarkin Baka Nomau ne, ubana. Na ga ƙofar gidanmu. Na ji warin fatar da ake shanyawa a danga. Kirarin ya taho mini har baki, ba kalma ɗaya da ta ɓace. Gwiwoyina suka fara miƙewa da kansu.

Sai na waiga na ga surukina. Yaron kirki, yana zaune da hularsa a karye, yana murmushin ladabi. A saninsa ni Alhaji Tafinta ne, ban taɓa gaya masa ɗan maharbi ne ni ba. In tashi a gaban suruki, da babbar riga, in kurma ihu ina kiran kaina ƙaya a tafin giwa? Na gyara zama. Na dubi takalmina.

Ya sake kaɗawa. Ya sake, na uku. Sannan ya sauke hannu, ya juya ya ce wa su Karim, "Yalla, mu je." Ƙarfe ya rufe wurin. Surukina ya sunkuyo ya ce, "Baba, wannan ɗan wurin da ya yi shi kaɗai ya yi daɗi." Na ce ƙwarai.

Washegari na je shagon. Yana kwance wata fanka, bai ɗago ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji."

Alhaji! Ban taɓa jin zagi mai zafin wannan ba.

Na ce, "Jimmau, ka san da suruki a wurin."

"Na gan shi. Kyakkyawan yaro."

"To ka sake kaɗa mini yanzu. Mu biyu. Wallahi zan amsa."

Ya ajiye sukudireba. "Na kira gidan Nomau sau uku a gaban jama'a, ba a amsa ba. Ka san hukuncin. Gidan ba kowa. Ba a kiran gidan da ya mutu." Ya ɗauki aikinsa. Can ya ce, a hankali, "Kai kaɗai ka rage mini wanda zan kira, Tafinta. Shekara nawa ina jiran in samu wuri mai jama'a da ƙara irin ta gida."

Na yi ta zarya. Na kai masa kilishi da aka kawo mini daga gida, ya cinye ya ce gishiri ya yi yawa. Na turo Inna Amuna, ya ce mata harkar maharba ce. Ya koma kirana Tafinta, muka koma zolayar juna, amma da na ɗauko maganar sai ya tambaye ni ko fankata tana aiki. Ina ta cewa a raina zai huce, ai taubashi ne. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi bara da sanyi, ya ɗauke hannun dama. Ni da nake yi wa baƙi fassara a asibiti, sai ga ni ina yi wa likita fassarar maganar ɗan'uwana, don bakinsa ya karkace ba mai gane shi sai ni da matarsa.

Wata rana da azahar, a ɗakinsa, na kasa daurewa. Na miƙe a gaban gadon na buɗe baki zan yi kirarin. Ya ɗaga hannun hagu ya tsai da ni.

"Ba a amsa sallamar da ba a yi ba. Zauna, kada ka tsorata mini mata."

Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, daidai lokacin da yake hawa da garaya. An binne shi a nan, a ƙasar da ba tasa ba. A jana'izarsa kun gani da idonku, ɗalibanmu masu rawani a sahu ɗaya da ƙattai masu gashi har kafaɗa, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa, kowa yana share ido.

Bayan sadakar bakwai Inna Amuna ta aiko in zo da la'asar. Ta ce, "Yaya, hau sama, ana jiranka." Na hau da ƙyar, bene shida ta matakala, ba lif. Na tarar da Karim a kan rufin, da jitarsa da akwatin nan da Jimmau ya taɓa gyara masa, ya ja waya tun daga ɗaki. Ya gaishe ni ya ce yana da saƙo.

Ashe duk watannin jinyar nan, in Karim ya zo kawo magani, sai Jimmau ya sa a rufe ƙofa, Inna Amuna tana yi musu tafinta, ya yi ta rera masa wani ɗan kiɗa da karkataccen bakinsa, yana buga gado da hannun hagu. In Karim ya kuskure sai ya jefe shi da hula. Ya hana shi ɗauka a waya, ya hana shi rubutawa. Karim ya ce, "Ya Hajj, ban san ko mene ne ba. Ya ce dai wata ƙofa ce shi ya rufe, ba zai buɗe da hannunsa ba, amma ni baƙo ne, doka ba ta hau kaina ba. Ya ce in kaɗa maka sau ɗaya tak. In ka zauna ba ka miƙe ba, in manta da shi. Ya kuma ce in tabbatar akwai mutane."

Na duba. Inna Amuna ta hawo. Mai gidan yana wurin tantabarunsa. A bakin matakala kuma, yana haki, surukina ne. Shi ma an aika masa. Ka ji mugunta irin ta taubashi, har daga kabari!

Karim ya saita jitarsa da kunne, ba da inji ba, ya sauke ta ƙasa-ƙasa don ranar akwai hazo. Ya taka abin ƙara. Ya kaɗa.

Ban san lokacin da na jefar da sanda ba.

"Ni ne ɗan Nomau, ƙaya a tafin giwa! Baushe ba ka faɗuwa don iska! Ɗan mai kwana inda zaki ya yi hijira! A gaya wa daji gidanmu da mutum!"

Tantabaru suka tashi gaba ɗaya. Mata suka leƙo ta tagogin benayen da ke kewaye, wata tana tambaya ko gobara ce. Inna Amuna ta rangaɗa guɗa, guɗar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Surukina ya cire hularsa ya riƙe a hannu, sai da muke sauka ya kama ni a gwiwar hannu ya ce, "Baba, a hankali, ɗan Sarkin Baka." Sama ba ta faɗo ba. Abin da na ji wa tsoro ke nan na hana mutumin nan amsa ɗaya da ya jira shekaru.

Allah Ya jiƙan Jimmau, Ya yafe masa taurin kai, Ya yafe mini nawa da ya fi nasa muni. Allah Ya sa in an kira shi a can ya ji sunansa ya amsa da sauri. Ya ba Amuna haƙuri, Ya shirya masa ƙadangarunsa da ya so.

Garayar tana rataye a ɗakin Inna Amuna. Sanyin bana ya shige ta ba mai kai ta rana, fatar ta tsage, kuma ba gada a Masar. Su Karim sun koma wasa bayan isha'i kamar kowa. Taken gidajen Tungar Baushe duk sun bi Jimmau, saura ɗaya, a yatsun wani Bamasare mai sai da magani, kuma in na tafi ba wanda zai miƙe in an kaɗa shi.